Yadda ake ɗaure notin taya da sandar ƙayyade ɗauri ba tare da an cuci mota ba

A bara, gab da shigowar hunturu, ƙanena da ke sayar da kayan gyaran mota a Yamai ya aiko mini da wani ɗan akwatin roba ta hannun direban motar haya. Da na buɗe shi a shagona nan Tahoua, sai na tarar da sandunan ƙarfe a jere, kowace tsawonta kamar taƙi ɗaya, kowace da launinta, wata siririya wata kakkaura, an zana lamba a jikin kowace. Babban yaron shagona ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Maigida, ashe mun huta da kilen awo ke nan?" Na ce masa ya ajiye, sai mun gwada tukuna. Shekara guda ke nan muna aiki da su kusan kullum, kuma amsar da nake ba shi yau ita ce zan ba duk mai faci ko makaniken da ya tambaye ni: sandar nan tana hana bindigar iska, wato na'urar da ke ɗaure noti da ƙarfin iska, wuce gona da iri, amma ba ta auna komai. Awo yana hannun kilen awo, wato kilen da ake saita masa lamba, ya yi ƙas idan ɗauri ya kai ta.

Bari in fara da dalilin da ya sa ɗaurin noti ya zama abin magana. Bulon ɗin da noti ke hawa a kansa yana miƙewa kaɗan idan an ɗaure shi, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarin da yake yi ya koma yadda yake shi ne ke manne janti, wato ƙarfen da robar taya ke zagaye da shi, da mazauninsa. In ɗaurin ya yi kaɗan, janti zai riƙa motsi, ramukansa su buɗe su zama kamar ƙwai, noti ya warware da kansa. In ya yi yawa, bulon zai miƙe ya wuce inda zai iya dawowa, ya siranta a wuya, ya zauna yana jiran ranar da mota za ta faɗa rami ko ta hau gargada ya karye. Na taɓa karɓar wata mota da aka jawo daga hanyar Abalak, bulon biyu cikin biyar sun tsinke, sauran ukun kuma sai da muka sa dogon bututu kafin notinsu ya motsa. Direban ya ce kwana uku kafin nan aka sauya masa tayoyi a wani wuri, aka danna bindiga har sai da ta gaji. Iyalinsa na cikin motar. Allah ne ya kiyaye.

Akwai kuma wahalar da ba a cika lissafawa ba. Notin da aka ɗaure da mugun ƙarfi ba zai kwantu da ɗan kilen da ke bayan mota ba. Ka yi faci a daji da rana tsaka a watan Afrilu, kana da taya ta sauyi, kana da jak, amma noti ya ƙi, kai da wanda ba shi da taya duk ɗaya ne. Haka kuma ɗaurin da bai daidaita ba, wani noti ya fi wani, yana iya sa faifan birki ya zauna a karkace, daga baya ka ji ƙafarka na rawa idan ka taka birki.

Ƙarfin ɗauri da lambar da ke jikin sanda

Ƙarfin murɗi ana auna shi da Niyuton-mita, ana rubuta Nm. Lissafinsa mai sauƙi ne: nauyin da ka ɗora, sau tsawon hannun kile. Kilo 10 a ƙarshen kile mai tsawon mita ɗaya yana ba da kusan Nm 98. Toyota Corolla, irin wadda ta cika garuruwanmu, Nm 103 take so. Yawancin ƙananan motocin Honda Nm 108. Babbar Land Cruiser wadda ake kira V8 tana son Nm 131 idan jantinta na alminiyom ne, Nm 209 idan na baƙin ƙarfe ne. Dubi wannan tazarar a mota guda. Shi ya sa ba a cewa "ƙarfin ɗaurin taya" kamar abu ɗaya ne, sai an duba littafin motar da ke gabanka da irin jantin da ke jikinta.

Yanzu ka auna abin da muka saba gani. Yaro mai kilo 70 ya taka bututu mai rabin mita da dukan nauyinsa, ya ɗora wa noti Nm 343 ke nan, fiye da ninki uku na abin da Corolla ke buƙata, tun kafin ya yi tsalle a kai. Bindigar iska mai bakin rabin inci kuwa da yawa daga cikinsu suna kai Nm 600 ko su wuce.

A nan ne tarko na farko yake, kuma ina roƙon mai karatu ya tsaya ya fahimce shi. Sanduna da yawa don kasuwar Amurka aka yi su, lambar da ke jikinsu awon can ne da ake rubutawa ft-lb. Kowane ɗaya nasa daidai yake da Nm 1.36. Sandar da aka rubuta wa 100 tana nufin kusan Nm 136, mai 80 kusan Nm 108, mai 65 kusan Nm 88. Wanda ya ji an ce Corolla 103 take so, ya ɗauko sanda mai lamba 100 yana ganin ya yi daidai, ya riga ya wuce da kashi ɗaya bisa uku tun bai ja kunamar bindiga ba. Tsofaffin littattafan motocin Faransa kuma sukan rubuta daN.m, wanda ɗayansa Nm 10 ne. Ka karanta haruffan da ke gefen lamba, kada ka tsaya ga lambar kaɗai. Launi ma ba abin dogaro ba ne, don kowane kamfani da yadda yake raba nasa launukan. Shuɗiyar wannan akwati ba lalle ta zama daidai da shuɗiyar wancan ba.

Abin da ke faruwa a cikin sandar

Bindigar iska ba ta murɗa noti da ƙarfi mai ɗorewa yadda hannu ke yi. A cikinta akwai guduma da ke juyawa tana dukan wani ƙarfe, kamar maƙeri a kan uwar maƙera, duka gajeru masu yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kowane duka ya tura noti gaba kaɗan. Sandar ƙayyade ɗauri tana shiga tsakanin bakin bindiga da soket, wato ƙarfen da ke kama kan noti. Tsakiyarta an sirantar da shi da gangan, da ƙarfe mai lanƙwasa ya dawo.

Lokacin da noti yake sako-sako, dukan guduma yana ratsa sandar ya isa gare shi. Da noti ya fara tauri, sai sandar ta fara murɗewa da kowane duka, kamar ɗanyar tsumagiya da ka riƙe kanta ka murɗa gindinta. Kafin duka na gaba ya zo, ta warware ta koma yadda take. Daga nan ƙarfin guduma yana ƙarewa ne wajen murɗa sanda, noti kuma ya daina tafiya. Kaurin tsakiyar ne ke yanke inda wannan zai faru, kuma ɗan bambanci a kauri yana yin babban tasiri: in aka ninka kaurin sanda sau biyu, taurinta wajen murɗewa yana ninkuwa sau 16.

Ka lura, babu wani abu a cikinta da ke saki ko ya yi ƙara idan an kai awo. Dukan aikinta ya rataya ne a kan ƙarfin kowane duka da kuma ɗan lokacin da ke tsakanin duka da duka. Saboda haka in ka ɗaura ta a kan dogon kile na hannu ka ja, ba za ta ƙayyade komai ba, za ta miƙa wa noti duk ƙarfin da ka ba ta har ta lalace. Kuma saboda haka ne sanda ɗaya take ba da ɗauri iri-iri idan an sauya mata bindiga.

Abubuwan da ke sa ta kauce suna da yawa, kuma kusan dukansu suna nan a shagunanmu. Bindigogin iska an yi su ne su yi aiki a kan ƙarfin iska na bar 6.2, wato PSI 90, a bakin bindiga tana cikin aiki. Injin iska kuwa cika yake ya tsaya, iska ta ragu, ya sake tashi. Tayar farko ta sami tanki cike, ta huɗu ta sami saura. In wuta ta ɗauke ana lallaɓa abin da ya rage a tanki, abin ya fi haka muni. Dogon tiyo siriri yana shanye iska a hanya. Bindigar da ta tsufa dukanta ya yi rauni, sabuwa mai ƙarfi tana tura sandar ta wuce lambarta. Bindigogin batir da suka fara yawa yanzu sukan yi duka da sauri fiye da na iska, sandar ba ta samun sararin warwarewa tsakanin duka biyu, sai ta zama kamar sandar ƙarfe kawai, ɗauri ya haura. Riƙe tsakiyar sandar da hannu yana sauya sakamako, haka ma ƙara mata wata sanda don tsawo. Daɗewa da yatsa a kan kunama bayan soket ya tsaya shi ma yana ƙara ɗauri a hankali. Ita kanta sandar tana gajiya da yawan murɗewa.

Yadda muke aikin a shago

Kafin a taɓa bindiga, a san lambar motar. Sannan a zaɓi sandar da take ƙasa da wannan lamba, ba wadda ta yi daidai da ita ba. Ga Corolla mai Nm 103 ina ɗaukar mai ft-lb 65, wato kusan Nm 88. Ga Land Cruiser mai jantin alminiyom ina ɗaukar mai 80. Dalilin shi ne a bar wa kilen awo ɗan abin da zai ƙarasa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, zan dawo kansa.

Na biyu, tsabta. A goge fuskar mazaunin janti da burushin waya, a goge bayan jantin shi ma. Ƙasar Adar da ƙurar hunturu suna shiga ko'ina, kuma ɗan yashi ko tsatsa da ya maƙale tsakanin ƙarfe biyu zai niƙe a kan hanya ya bar gurbi, notin da aka ɗaure daidai ya wayi gari sako-sako. A duba haƙoran kowane bulon. Wanda ya siranta ko haƙoransa suka cinye a sauya shi, babu lallaɓawa a nan. A duba gindin noti ya dace da ramin janti: akwai mai tsini, akwai mai zagaye kamar ƙwallo, akwai mai faɗi da washa irin na jantin alminiyom na Toyota. Ba sa aron juna.

Kada a shafa mai ko giris a haƙora, sai in littafin motar ya ce a yi. Na san wannan yana ba mutane mamaki, don an saba ganin mai a matsayin alheri ga ƙarfe. Amma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake sawa yana tafiya ne wajen gugar haƙora da gindin noti, ɗan abin da ya rage ne ke miƙar da bulon. Lambar da kamfani ya bayar ta busassun haƙora ce. In ka rage gugar da mai, Nm 103 ɗin nan zai miƙar da bulon fiye da yadda aka tsara, kile yana gaya maka komai daidai, bulon yana cutuwa.

Na uku, a ɗora taya a fara kowane noti da yatsu, zagaye uku ko huɗu aƙalla. In ya ƙi tafiya da hannu, akwai matsala, a tsaya a duba. Bindiga ba ta jin cewa noti ya hau a karkace, yanka masa sababbin haƙora kawai za ta yi.

Na huɗu, bindiga da sanda. A sa soket na bindiga, baƙi mai kauri, wanda ya yi daidai da noti. Ƙananan Toyota milimita 21 suke ɗauka. Soket mai ƙyalli na kilen hannu yana iya tarwatsewa a fuskar mutum. A ja layi da alli a jikin soket don a ga juyinsa. A riƙe bindiga a miƙe da hannu biyu, hannu bai taɓa sanda ba. A bi noti a tsallake: in biyar ne, ka ba su lamba a zagaye ka bi 1, 3, 5, 2, 4, in huɗu ne 1, 3, 2, 4, in shida ne kowane noti sai wanda ke fuskantarsa. Zagayen farko a ɗan taɓa kowanne kawai don janti ya zauna a tsakiya. A zagaye na biyu a bari sandar ta yi aikinta, kuma da layin alli ya tsaya a saki kunama.

Na biyar, a sassauta jak har taya ta taɓa ƙasa yadda ba za ta juya ba, amma nauyin mota bai gama sauka a kanta ba. A saita kilen awo a kan lambar motar, a riƙe shi a tsakiyar mariƙinsa, a ja a hankali ba fizga ba, har ya yi ƙas sau ɗaya. A tsaya nan. Maimaita ƙas ɗin sau biyu sau uku ƙarin ɗauri ne. A bi tsarin tsallake kamar ɗazu, sannan a sauke mota gaba ɗaya.

Ga abin da na ce zan dawo kansa. Dole idonka ya ga noti ya ɗan juya kafin kile ya yi ƙas. In ka ɗora kile ya yi ƙas nan take noti bai motsa ba, bai tabbatar maka da komai ba, illa cewa ɗaurin ya kai lambar ko ya wuce ta. Notin da ke kan Nm 103 da wanda ke kan Nm 250 ƙara ɗaya za su ba ka. Na ga shaguna masu kyau da suke danna bindiga iya ƙarfinta, sannan su ɗauko kilen awo su bi noti biyar ƙas ƙas ƙas a gaban mai mota, shi kuma ya tafi hankalinsa kwance. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin kayan aikin na nan a hannu, tsarin ne kawai aka juya. In noti bai motsa ba, a kwance shi a sake ɗaurewa, a kuma sauko zuwa sanda mafi siranta.

Abu biyu da za a kiyaye a gefe. Ba a kwance noti da wannan sanda, a cire ta a sa soket kai tsaye. Kuma manyan motocin kaya ba sa cikin wannan lissafi: notinsu yana neman sama da Nm 500, wasu motocin kaya na Japan ma notin gefen hagu baibai yake ɗauruwa, za ka ga harafin L a kansa.

Gwada taka sandar da taka bindigar

Tun da sakamakon ya dogara da bindiga da iska, lambar da ke jikin sanda alkawari ne da sai ka gwada a shagonka. Gwajin ba ya cin fiye da rabin awa. Ka sami mota mai lafiyayyun bulon, tanki cike. Ka ɗaure noti da sandar yadda ka saba. Ka ja layi ɗaya da ya ratsa daga kan noti zuwa janti. Ka kwance notin kamar rubu'in zagaye da kilen hannu. Sai ka saita kilen awo ƙasa sosai da lambar sandar ka ɗaure. In ya yi ƙas layi bai haɗu ba, ka ƙara Nm 5 ka sake, har layukan biyu su haɗu. Lambar da kile yake kai a lokacin ita ce kusan abin da sandar ta bayar. Ana kwancewa tukuna ne saboda notin da ya riga ya zauna yana neman ƙarin ƙarfi kafin ya fara motsi, wannan kuma zai ruɗe ka.

Ka yi haka a noti biyar, ka rubuta. Ka sake yi lokacin da iska ta ragu gab da injin zai tashi. In kana da bindigar batir ka gwada ta daban. Mu da muka yi, sanda guda ta ba mu sakamako uku mabambanta, kuma na bindigar batir ne ya fi haurawa, shi ya sa a shagona ba a haɗa su sai a kan mafi ƙarancin gudunta. Abin da ka samu ka rubuta a cikin murfin akwatin, ka maimaita gwajin duk bayan ƴan watanni ko duk sa'ad da aka sauya bindiga ko tiyo.

Shi ma kilen awo ba a bar shi ba bincike. Mai kyau yakan kauce da kusan kashi 4 cikin 100, kuma ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6789 ta ce a sake daidaita shi duk wata 12 ko bayan aiki 5,000. Kafin ka sami inda za a yi maka wannan, akwai gwajin gida. Ka damƙe bakinsa mai kusurwa huɗu a cikin abin matse ƙarfe na kan tebur, hannunsa a kwance sambal. Ka auna daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙi. A ce santimita 40 ne. Ka cika jarka da ruwa ka ɗora a sikeli har ta kai kilo 25 cif, ka rataye ta da igiya a daidai wurin, a hankali. Kilo 25 sau 9.8 sau 0.4 ya ba da Nm 98. In ka saita kile a 95 ya kamata ya yi ƙas, in ka saita a 105 bai kamata ba. Idan an gama aikin yini a mayar da shi kan lambarsa mafi ƙanƙanta, kada a jefar da shi ƙasa, kada a kwance noti da shi.

Saura aiki ɗaya da yake faɗawa hannun mai mota. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, janti yakan ƙara zama, musamman na alminiyom ko wanda aka yi wa sabon fenti, ɗauri ya ɗan ragu. Wanda zai zauna cikin gari nakan ce masa, "Alhaji, jibi ka biyo in sake bin notin nan, ba sai ka biya ba." Wanda ya kama hanyar Ƙonni ko Yamai kuwa nakan rubuta masa lambar ɗaurin motarsa a takarda ya sa a aljihun gaba, in ce in ya isa Ƙonni ya nemi shagon da ke da kilen awo, ya bari tayoyi su huce tukuna, sannan a bi su a tsallake yana tsaye yana kallo.